Kunnen Inji da Haƙoran Baba

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Duk wanda ya shigo gidanmu ya faɗi haka, ni ma na faɗa, na kuma yarda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne maganar da ke biyo baya, idan an shafa fatiha, an gyara zama a tabarma, an ɗauka hankalina ba ya wurin.

Mahaifina ya rasu da hantsi, a ƙarshen bazara, a nan Konni. Makaniki ne tun kafin a haife ni. Direbobin tasha suka rufe motocinsu suka zo, ƴan kabu-kabu da baburansu suka cika layinmu har amalanke ba ta samun wurin wucewa. Ta bayan katanga ina jin maza suna cewa, "Kunnen Konni ya tahi." Wani ya ce, "Mota tana bakin hanya, ba ta ko shigo gareji ba, shi kan gaya maka ciwonta." Gwaggo, yayarsa da ta zo daga Alela, tana zaune a ƙofar ɗakinsa da hularsa a hannu, ta ƙi a karɓa.

Cikin mata kuwa, wata maƙwabciya ta matsa kusa da ƙawarta ta ce, "Allah shi jiƙan shi, amma ƙarshen rayuwa girman kai ya kama shi. Ki yi mishi sallama, ko waiwaye."

Ƙawar ta ce, "Ai ya samu daidai da shi. Ba ki ganin ɗiyar tashi da ka yi mishi tsawa gaban mutane awa yaronta?"

Ni ce ɗiyar. Ina bayansu ina zuba ruwa a buta.

Wannan duk mai sauƙi ne. Mai nauyin ya faru a waje. Kafin a sallaci gawa, liman ya juyo ya roƙi jama'a, kamar yadda aka saba, duk wanda mamaci ya yi wa laifi ya yafe masa. Sahu ya amsa baki ɗaya. Baffa bai amsa ba. Baffa ƙanen Baba ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya yi sallar, ya ɗauki makara, ya zuba ƙasa da hannunsa, amma bakinsa bai motsa ba. Waɗanda ke gefensa sun gani. Kafin maza su dawo daga maƙabarta labarin ya riga su shigowa gida.

To bari in faɗa tun nan, kada in ja ku. Masu yabo sun yi kuskure, masu gulma ma sun yi. Baba kurma ne. Ya daɗe da kurumcewa, kuma ban da ni ba wanda ya sani. Baffa kuwa yana da dalilin yin shiru. Malamin unguwarmu ya ce da ni a ambaci alherin mamaci a rufe sauran. Na ce masa, "Allah shi gafarta Malam, alherin mutumin ga daga cikin laihinshi ya tsiro. In na ɓoye ɗaya, na binne ɗayan."

Baba mutum ne mai gajeren zance. Yana da wani dogon ƙarfe siriri, ya sa masa ƙotar icce a ƙarshe. Ya kan ɗora bakin ƙarfen a jikin inji, ya kara ƙotar a kunne, ya rufe ido. Wurin ya yi tsit, har masu walda su dakata. Sai ya buɗe ido ya faɗi kalma biyu ko uku, kuma idan aka kwance sai a tarar haka ne. Ya kan ce, "Inji ba shi ƙarya, mai shi ne ka yi." Ba ya cin abinci da mai a hannu ko da yunwa za ta kashe shi, kuma ba ya yarda a zagi mota a gabansa. Wai ita ma baiwar Allah ce, ɗauke ka take yi.

Da mijina ya rasu na dawo gida, sai Baba ya ba ni gindin bedin da ke ƙofar gareji ina sayar da shinkafa da wake. Daga nan nake ganin komai, har ranar da Baffa ya zo da motarsa.

Baffa direba ne, yana jigila tsakanin Tajaye da Konni da wata motar Kwatano. Irin motocin nan suna da wani ɗan ƙarfe kamar zobe mai kauri, an ɗaure shi da noti a jikin inji. Ƴan tsallaken iyaka suna ce masa sansa, Baba yana ce masa kunnen inji. Aikinsa saurare kawai. Idan mai yana kamawa da wuta kafin lokacinsa, injin ya kan yi wata ƴar ƙwanƙwasa can ciki, wadda kunnen mutum ba ya kamawa cikin hayaniya. Zoben nan ya ji, ya gaya wa ƙwaƙwalwar motar, ita kuma ta ja wuta baya don kada injin ya kashe kansa. Sai mota ta rasa ƙarfi. Idan abin ya yi yawa, fitila ta kama a tablo, gaban direba.

Abin da ya samu motar Baffa ke nan. Ya kai ta wurin wani mai na'ura a bakin tasha, na'urar ta fitar da lamba, aka ce masa lambar tana nufin kunnen injin yana ihu fiye da ƙima. Direbobi suka ba shi shawarar da kowa ya sani: a kwance zoben daga jikin inji, a naɗe shi da robar taya, a ɗaure shi gefe inda ba zai ji komai ba. Fitila ta mutu, ƙarfi ya dawo. Baffa mutum ne mai taka-tsantsan. Ya ce ba za a taɓa ba sai yayansa ya saurara.

Ranar kasuwa ce, gareji cike da mutane. Baffa ya ce da ƙarfi, yana alfahari, "Yaya, kwamfutar Nasara ta ce injina na ƙwanƙwasa. Sa kunnenka ka raba mu. In ka ce akwai, in aje mota. In ka ce babu, a cire ɗan banzan ga."

Baba ya ɗauko ƙarfensa, ya kara, ya rufe ido. Ya daɗe fiye da yadda ya saba. Ya sauya wuri, ya sake karawa. Mutane sun zagaye shi suna jira. Da ya buɗe ido sai ya dubi fuskokinsu, sannan ya ce, "Injin lahiya lau. Zoben ne ya haukace."

Aka yi dariya, aka tafa. Da hannunsa ya kwance zoben ya ɗaure shi gefe.

Damina na faɗuwa, maciji ya sari matar Baffa a gona. Mace ce mai yawan dariya, ita ta yi mini kitson aurena. Ƙaramin likitan garinsu Tajaye ya ce a gaggauta da ita babban asibiti. Baffa ya kwantar da ita a baya ya taka mota iyakar ƙarfinta. A tsakiyar daji, kafin su kai kwalta, injin ya buga. Ba mota gaba, ba mota baya. Da ƙyar aka samu amalanken jaki. Ta cika a kanta, kanta a cinyar mijinta.

Da aka kwance injin, fistan ya huje. Man kwalba ne na bakin hanya, gauraye da kananzir, ya daɗe yana cin sa. Zoben bai haukace ba. Gaskiya yake faɗa, aka toshe masa kunne.

Bayan an share makoki, Baffa ya zo gareji. Baba yana sunkuye cikin wata mota, ya ba ƙofa baya. Baffa ya tsaya a bayansa ya ce a hankali, "Yaya, ranar nan ka saurara kuwa?" Baba bai juyo ba. Baffa ya sake tambaya. Baba ya miƙa hannu ya ɗauki sifana ya ci gaba da aiki. Baffa ya juya ya fita, bai ƙara taka garejin ba har abada.

Na ajiye ludayi na je na dafa kafaɗar Baba. Ya zabura kamar na soka masa wuƙa. Na ce, "Ƙanenka ya yi maka magana ka ƙyale shi!" Ya zuba wa bakina ido, ba idona ba. A nan na gane. Ya jefar da sifana ya bi shi har tasha, amma motar Tajaye ta riga ta tashi.

Da ya dawo ya zauna a gindin bedi. Ya ce kunnen ya fara tafiya da daɗewa, da kaɗan-kaɗan. Ya ce kiran salla ma sai ya ga mutane sun tashi yake sanin an yi. Ya ce, "Ran nan na kara ƙarhe ban ji komi ba. Ba ƙwanƙwasa ba, injin kanshi ban ji ba. Na buɗe ido na ga jama'a. Na ce in na hwaɗi gaskiya, yau garejin ga ya mutu, ni ma na mutu. Sai na zaɓi ɗaya na hwaɗi."

Na ce, "Tashi mu tahi Tajaye ka gaya mishi."

Ya ce, "In ce mishi mi? Na san ba ni ji, na ce ka tahi?"

Wannan rigimar mun yi ta har tsufansa. Kowace Salla ya kan sa babbar riga ya tafi Tajaye da niyyar faɗa, ya zauna a zauren Baffa, su gaisa kamar baƙi, ya dawo da maganarsa a ciki. Wata shekara na tare shi a ƙofar gida na ce, "Baba, wanga ba kunya ba ce, tsoro ne. Kai da ka cewa inji ba shi ƙarya." Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ɗaga hannu, na tsaya ban kauce ba, ya sauke. Ya ce, "Muddin ina numfashi ban yarda ki buɗe baki ba. Ran da anka rufe ni, ki je. Ni bakina ya ƙi." Ban ce na ji daɗin wannan ba, kuma ban ce daidai ya yi ba. Ubana ne, na riƙe masa.

Ga abin da ya yi da sauran rayuwarsa.

Wata rana hannuwansa biyu suna cikin inji, ya rasa inda zai ajiye ƙarfen, sai ya cije ƙotar da haƙora. Bakin ƙarfen ya taɓa jikin inji. Sai na ga ya sandare. Ƙarar ta bi ƙarfe, ta bi haƙora, ta shiga ƙashin kansa. Ya ji. Ya tsaya a haka hawaye na gangarowa kan ƙotar. Da ya cire abin da ya ce kawai shi ne, "Ashe da hanya. Ashe ran nan ma da hanya."

Daga ranar ya sauya aiki. Mai mota ya zo, sai ya tura shi ya zauna a kujerar direba ya taka totur, ya kori ƴan kallo wai suna tare masa iska, ya ɗaga murfin inji ya ɓuya a bayansa, ya ciji ƙota. Shi ya sa ko wani ya fara zargin kunnensa ya yi nauyi, sai ya ga ya kamo ciwon da ba wanda ya ji, sai zargin ya mutu. Haƙoransa na gaba suka tsage suka zube. Mutane suka ce goro ne. Ya koma na gefe, su ma suka bi. A ƙarshe da dasashi yake riƙewa, in ya gama ya tofar da jini a bayan taya.

Kuma bai ƙara yarda da kansa shi kaɗai ba. Ya sayo na'urar nan da ya raina, ya ajiye ta a gabana ya ce, "Ki tahi lakwal ɗin manya." Makarantar yaƙi da jahilci yake nufi, lokacin har na aurar da ɗiyata ta fari. Na ce, "Da hurhura a kai?" Ya ce, "Ni na rasa kunne, ke ba ki rasa ido ba." Mata suka yi ta dariya, wai tsohuwa da allo. Ya kan raka ni har ƙofar aji, ya zauna a dakali yana jan tazbaha har a tashi, don kada kowa ya ce mini uffan. Hannun da ya saba da muciya ya sha wuya kafin ya riƙe alƙalami. Wannan rubutun da kuke karantawa, shi ya biya shi da zaman dakali.

Haka muka zama, ni in karanta lamba, shi ya bi sawu. Mai mota ya yi magana, ni in maimaita da ƙarfi ina fuskantarsa don ya ga bakina. Tsawar da ƙawar maƙwabciyata take nufi ke nan.

Ina tuna wani taubashinsa, ɗan kasuwar albasa daga wajen Malbaza, ya zo da mota ya liƙa baƙin salatif a kan fitilar tablo. Ya shigo yana cewa, "Ina bawana? Taho ka duba motar ubangidanka, ta ƙi hawan tudu."

Na maimaita. Baba ya ce, "Gaya mishi warin albasa ne ya sumar da ita." Ya leƙa ciki, ya ga salatif, ya ɓanɓare, ya liƙa wa mutumin a goshi. "Tunda kai ma ciwon kai gare ka, ga magani."

Na jona na'ura. Lambar nan ce ta fito, irin ta motar Baffa. Na nuna wa Baba, dariyar ta bar fuskarsa. Taubashin ya ce, "Kowa ya san maganinta, kwance zoben ka ɗaure gehe, ina sauri." Wannan ban maimaita ba, Baba ya karanta a bakinsa. Ya zare makullin motar ya jefa a aljihu.

Ya fara da waya, ya bi ta da yatsa tun daga zoben har inda ta shige, don ɓeraye na son cin ta idan mota na kwana kusa da rumbu. Ba ta da tabo. Ya taɓa notin ko ya saki, yana nan daram. Ya sa aka tayar da mota, ya ɗan bubbuga jikin inji da sifana kusa da zoben, ni ina kallon na'ura, zoben ya amsa. Ya ce, "To shi dai da ranshi." Ya buɗe tanki ya shaƙa, ya yamutsa fuska. Sannan ya ɓuya bayan murfi ya ciji ƙota. Da ya ɗago ya ce, "Ƙwanƙwasar, akwai ta. A zubar da man ga duka, a wanke tanki. Motar ga ba ta hita yau."

Taubashin ya yi ta zage-zage, albasarsa na jiran mai saye a iyaka. Ya ce, "Kai dai tun da ka tsuhwa ka zama mugu!" Baba ya ba shi baya. Motar ta kwana. Mutumin yana cikin waɗanda suka fi kowa kuka a jana'iza.

Duk motar ƙauye da ya san ita ke ɗauko marasa lafiya, ko ba a kawo ta ba ya kan bi ta tasha ranar kasuwa ya ce a buɗe. Direbobi suna ganin shisshigi ne. Ba wanda ya taɓa tambayarsa dalili.

Bayan addu'ar bakwai na naɗe ƙarfen a zane na shiga motar Tajaye. Baffa ya bar tuƙi tun wancan lokaci, injin niƙa yake tsaro. Gangar motar tana nan bayan gidansa, kaji na ƙwai a ciki. Na same shi da rana a rumfar niƙa, gari ya rufe masa gira. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baffa, saƙon Baba na kawo."

Ya ce, "Matattu ba su aike."

"Wanga tun yana da rai ya aika. Shi ya hana in kawo da wuri."

Na kwance zanen na miƙa masa. Ya juya ƙotar a hannu. Duk ta lotse, ta yi baƙi, sawun haƙora a kan sawun haƙora. Na gaya masa komai, ban rage ba, ban yi wa magana kwalliya ba.

Ya ce, "Tun yaushe?"

"Tun kahin motarka."

Wata mata da ta kawo niƙa ta ɗauki ƙwaryarta ta koma gefe. Sannan Baffa ya ce, "Ashe ya sani. Ni shekarun ga duka na ɗauka ganganci ne, ya saurara sama-sama don kasuwa ta cika. Ashe ya san ba shi ji, ya dube ni cikin ido ya ce in tahi."

A mota na taho ina zaton gaskiya za ta sanyaya masa rai. Ƙara masa wuta ta yi. Na ce, "Haka ne, Baffa. Ban zo in wanke shi ba."

"Ran da na zo na yi mishi magana, ya ba ni baya?"

"Bai ji ka ba. Da na gaya mishi ya bi ka har tasha da gudu, ba takalmi."

Baffa ya tashi. Na ɗauka korata zai yi. Sai ya je ya ja igiyar injin niƙa, injin ya kama, rumfar ta ɗauki rawa. Ya ɗora bakin ƙarfen a jikinsa, ya dubi ƙotar, ya sa ta a baki ya cije daidai inda yayansa ke cizawa. Na ga kansa na karkarwa, jijiyar wuyansa ta tashi. Bai jima ba ya cire, ya dafe muƙamuƙi. Ya kashe injin.

"Haka shi ka yi?"

"Kowace mota."

"Har haƙoran sunka zube."

"Har dasashi."

Ya zauna a kan buhu, ƙarfen a kan gwiwoyinsa. Ya share ƙotar da bakin riga. Ya daɗe yana kallon wajen da gangar motar take. Sannan ya ce, "Ki gaya ma liman, ya hwaɗi ma jama'a. Hakkina na yahe mishi, duniya da lahira." Na buɗe baki zan yi godiya, ya ɗaga hannu. "Nawa na ce. Nata ba ni da iko da shi. Tana can, shi ma ya iske ta. Sai su yi ta gaban wanda ka jin komi."

Bai mayar mini da ƙarfen ba, ni ma ban tambaya ba.

Ya Allah, kai ne mai ji, ba a ɓoye maka a bayan murfi. Ka san abin da ya faɗa ranar kasuwa, ka san jinin da ya tofar bayanta. Ka jiƙan matar Baffa, ka sanyaya makwancinta, ka tausasa zuciyarta a kan bawan nan naka. Ka jiƙan Baba. Ku kuma da kuka yi masa sallama bai amsa ba, ga dalili kun ji. Ku sake yi masa ita yanzu, da addu'a.